Na'urarku Tana So Ya Falmata Ta Kira Sunan Mijinta

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Porjen Adana Tarihin Garuruwan Komadugu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya. Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a nan Diffa, ɗaya daga cikin dattawan da kuka koya wa rubutu a ordinatar, wato kwamfuta, domin mu tattara labarin garuruwan da tashin hankali ya kora daga bakin kogi. Na fito fili ne don duk ƙofar da na yi wa sallama a biro ɗinku, wato ofishinku, na'ura ce ke amsawa.

Na farko. Kun koya mana cewa idan shafi ya ambaci wanda aka ɗauki muryarsa, sai mu sa mahaɗi: abin da ake kiransa cikin baka mai kusurwa, adireshin muryar cikin baka mai lanƙwasa, wanda ya latsa ya ji shi da kunnensa. Kuka kuma ajiye mai gadi, wato na'urar da ke duba kowane shafi kafin ya shiga taska. Ban ƙi ta ba. Ta sha kama ni na bar baka a buɗe kamar ƙofar rumbu, na kuwa gode mata. Sai dai tana da wata doka da ba ta lanƙwasuwa: adireshi ɗaya, suna ɗaya, a duk shafukan taskar.

Na biyu. Garinmu yana gabas da Geskeru, yau babu kowa cikinsa sai ƙaya. Yayana, marigayi Bulama Kyari, shi ne mai garin. Na ɗauki muryarsa a bukkar da ya ƙare rayuwa, bakin kwalta, yana jera gonakin tattasai da masu su. A shafin gari na rubuta sunansa, na'ura ta karɓa. Sannan na zauna da matarsa, Ya Falmata, ta ba da nata labarin: yadda ake bin ruwa da shuka idan kogi ya janye, da abin da ta ɗauka da abin da ta bari ranar da aka tashi. Ko'ina a labarin "mai gidan nan" take ce masa. Tun da aka kai ta ɗakinsa har aka kai shi makwanci, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Yadda ta faɗa na sa a mahaɗin. Na'ura ta dawo da shafin da jan rubutu, wai murya ɗaya ta yi suna biyu.

Ranka ya daɗe, a garinmu ko jaki ya fi suna ɗaya.

Na uku. Na yi dabara irin ta gizo, ban sha ba. Na cire mahaɗin, ta ce an ambaci mai murya ba a haɗa ba. Na bar adireshin tsirara babu suna, ta ce ba haka sauran suke ba. Na mai da shafin gari ya koma "mai gidan nan", sai ta tashi shafukan mutanen da suka kira shi Bulama Kyari, duk ta yi musu ja. Na aika koke, amsa ta iso kafin in ɗauke yatsa, tana umurtata in gyara kuskurena. Mutumin da ya koya mana aikin an mai da shi Yamai, wayarsa ba ta shiga. An kuma sanar da mu cewa bayan girbin tattasai za a rufe taskar, abin da bai shiga ba ya tsaya waje.

Wani ma'aikacinku ya ba ni shawara in rubuta sunan kawai, tunda tsohuwar ba ta karatu. Gaskiya ne, ba ta yi. Amma da bakinta shafin yake magana. Duk wanda ya buɗe, har jikokin jikokinta, zai ji Ya Falmata ta kira mijinta da sunan yanka, abin da ta tsare tun tana budurwa. Gida ya tafi, gona ta tafi, shi ma ya tafi. Wannan kunyar ce kaɗai ta tsallako da ita. Ba da hannuna za a ƙwace ta ba, kuma ba na so labarinta ya kwana a bakin ƙofa.

Ga roƙona. A sa mutum mai kunne, ba na'ura ba, ya duba shafin. A koya wa mai gadinku cewa murya ɗaya tana iya amsa suna fiye da ɗaya. Idan kuma dokar ta fi ƙarfin mai ita, to a aiko wanda zai zauna gaban tsohuwar ya yi mata bayani da kansa. Ni na gaza. Kullum na biyo ta ƙofarta sai ta tambaye ni ko an haɗa muryarta da tasa, har na fara zagayawa ta kasuwar kifi in zan je masallaci. Da furfurata, ina ɓuya wa matar yayana.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da mutunci, ya bar maka masu jin nauyin sunanka.

Wassalam.

Mushe Abba Gana,
Diffa.