Gayyar gonar Inna Hajo

Laraba da dare, tsakiyar damina, 1986

Bayana kamar an yi mini duka, amma sai na rubuta wannan. Yau muka yi gayya a Lafani, gonar geron Inna Hajo da mijinta ya rasu bara. Makaɗi na soma kirari, samarinmu Sani da Bello suka shiga tsere, kowa na son riga wani kai ƙarshen kunya. Ciyawa na tsaye bayansu, gero kuwa suna ta sarewa. Raina ya ɓaci, na ce a kori makaɗin.

Kawu Mamman, sarkin nomanmu, ya ce, “Mi? Ka kori ganga, gobe wa za ya zo maka gayya?”

Ya jera mu, ya ce har azahar ciyawa kaɗai ce abokiyar gabarmu, wanda ya gama ya taimaki na baya. Kunyoyin ƙarshe ya bari don tsere, amma duk wanda ya sare gero ya faɗi. Wallahi Kawu ya san samari.

Sani ya riga isa, har ya ɗaga fartanya sama. Inna ta bi bayansa, ta tsinto geron da ya sare, ta miƙa mishi.