Tafkin Ɗana a Kan Ramin Shadda

Tanti Houéfa,

Ki taimake ni. Mutanen gida dai, surukata Sènami lafiya, jikokina biyu lafiya har ta yi musu yawa, mijina gwiwa ce ke damunsa. Ni jinina ya hau. Ɗana Mahougnon jikinsa garau, kansa ne ban tabbatar ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura hamsin na koyi karatu a ajin matan cocinmu.

Mahougnon ya sayo tafkin wanka, irin na leda da ƙarafuna da ake kafawa a bisa ƙasa. Mu da ruwa ke shigo mana har ɗaki kowace damina a Godomey, ashe abin da muka rasa ke nan. Ranar Asabar 'yarsa za ta cika shekara biyar, ya gayyato yaran lungu kaf su zo ninkaya.

Tsakar gidanmu rairayi ne, wuri ɗaya ne shafaffe, kankaren bayan madafi. Ya buga ƙafa a kai ya ce, "Mama, kamar don shi aka zuba." Tanti, murfin ramin shaddarmu ne! Yana goye a bayana aka yi shi, na ga rodin da magini ya sa, bai kai kaurin tsinken tsire ba. Na faɗa masa, ya ce, "Shekara talatin kina daka a kai, kin rufta?"

Littafin da ya zo cikin kwalin kuwa ba ni ya yi in fifita gawayi. Kwana uku ina bin sa da yatsa. An rubuta yana cin ruwa lita dubu goma sha biyu. An rubuta kada a jona injin tace ruwa da doguwar waya. Gwanin namu ya jawo wayar firiji ta taga, ta bi ƙasa daidai inda yara za su fito a jiƙe. Ruwan rijiyarmu zai zuba, jan nan mai ɓata fararen kaya. Na ce in ya yi datti ina za ka kai shi? Ya nuna katangar maƙwabciya, matar da rabonta da gaishe mu tun rigimar akuya.

Da na karanta masa shafin, ya ƙyalƙyale: "Farfesa ta iso! Sènami, kawo mata kujera." Mijina ya ce in bar yaro ya more guminsa. Ba na son kunyata shi gaban matarsa, shi ke riƙe da gidan. Amma jikokina ne za su shiga. Don Allah ki amsa kafin Juma'a, ranar zai fara cika shi.

Uwar da ta kasa cin abinci, Godomey

Mama,

Barka da samun injiniya a gida. Lita dubu goma sha biyu tan goma sha biyu ke nan, nauyin babbar mota. Ban san turminki ba, amma ina zaton bai kai haka ba. Yara su zo wanka su ƙare cikin abin da gidan ya tara shekara talatin, lalle za a daɗe ana labarin bikin.

Ɗanki ba mugu ba ne. Uba ne mai son ganin dariyar 'yarsa, daga ƙarshen aikin kawai ya fara. Kada ki sake karanta masa komai gaban Sènami. Ki same shi shi kaɗai, ki ce ya kira magini ya duba murfin. Maganar da ya ƙi ji daga bakin uwarsa zai karɓe ta hannu biyu daga mai riƙe da guduma.

A daidaita rairayin nesa da ramin, a daddaɓe, a kafa tafkin a can. Mai aikin lantarki ya jawo wa injin layinsa daban, da abin da ke katse wuta da kansa in ruwa ya taɓa. Mai gyaran famfo ya sa bututun zubarwa zuwa rami na musamman cikin gidanku, ya kuma sa matata a bakin rijiya, don jan ruwan nan in ya haɗu da maganin tsabtace tafki, shayi zai koma. Bayan kowane wanka a cire tsanin shiga tafkin, kada yaro ya hau shi kaɗai.

Duk wannan ba zai kammala kafin Asabar ba. Manyan bahuna biyu da shinkafa da kifi sun ishi 'yar shekara biyar.

In kuma ya kafe, ki bi gida-gida ki gaya wa iyayen yaran abin da ke ƙarƙashin kankaren. Zai yi mako guda bai gaishe ki ba. Kin iya jure wannan.

Allah ya sauko da jinin, ya raya jikoki.

Tanti Houéfa