Naman da ke Bayan Hancin Mode

Wurno, 1954

Zuwa ga ƙanwata Sabuwa a Rabah. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar maigidanki.

Bayan haka, batun Mode ne, ɗanki na fari da nike riƙo. Bakinshi kullum buɗe, ko gyangyaɗi ya yi shina minshari kamar raƙumi. In an kira shi ba ya ji, har malaminsu yac ce dolo ne. Wanzami ya cire mishi hakin wuya, ba ta canza zani ba. Jiya wani likita Bature yaz zo rangadi, ya leƙa, yac ce wani nama ne yat tsiro bayan hanci, ya toshe numfashi da kunne. Sai an kai shi Sakkwato an yanke. Tsoro nike ji, kar yaro ya kurmance ko wuƙa ta cuce shi. Mi kika gani?

Yayanki, Halliru masaƙi

Rabah

Yaya, ina gaishe ka da girmamawa.

Haba Yaya! Ni za ka tambaya? Yaushe anka fara shawara da mace kan ɗan fari? Ko sunanshi ba ni kamawa. Yaron nan naka ne, ka yi yadda kag gani. Ga zuma nan, naka ne kai kaɗai. Wace rana ma za ku tafi? Don maigida na tambaya.

Sabuwa

Wurno

Ƙanwata, gaisuwa da albishir!

An yi aiki, an gama lafiya. Mode na barci baki rufe, shiru, har Larai matata kan kai hannu ga hancinshi ta ji ko da rai. Kunne kuwa ya buɗe fiye da kima, ba dama a yi tsegumi gidanga. Daɗi ya ishe ni, Sabuwa, har na yi hawaye.

Sai dai abin mamaki. Ranar aikin, wata mace ta wuni gindin iccen bedi a ƙofar asibiti, ta rufe fuska. Da munka fito da yaro sai ta juya baya. Zanen jikinta kuwa saƙata ne. Ko kin san ta?

Halliru

Rabah

Yaya, barka da arziki.

Ni ban san wata mace ba, ban kuma je ko'ina ba. Amma hular da kas sa mishi ta yi mishi yawa.

Sabuwa