Ruwan da Na Tafi Ɗebo wa Baƙo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Mma, har kika rasu ba ki gama gane aikina ba. In ƙawayenki na kasuwa suka tambaya sai ki ce, "Safiya ai gadi take yi a kamfanin fiton kaya, amma gadin kwamfuta." Haushi nake ji a lokacin, alhali ba ki yi ƙarya ba. Ni ce tsakanin masu kula da na'urori da masu hulɗa da 'yan kasuwa. Ni nake nuna wa manya inda ɓarayin bayanai za su iya shigo mana, ni nake rubuta dokar wa zai taɓa me. Na ishi kowa da magana: kada ka tashi ka bar kwamfuta a buɗe, kada ka shigo da baƙo da katinka.

To, an shigo mana. Sunayen abokan hulɗarmu, lambobin wayarsu, takardun kwantenoninsu, duk suna hannun wasu. Da yawansu mutanen Zongo ne, waɗanda suka zauna a tabarmar makokinki.

Direkta ya ce in gano ta inda aka bi. Na zauna gaban hoton kyamarar tsaro raina a ɓace, ina jiran in ga wane sakarai ne ya ja mana wannan.

Mma, ni ce.

Ranar da na koma aiki ce bayan addu'ar bakwai. Wani dattijo mai farar riga da carbi ya tare ni a ƙofa, ya ce ta'aziyya ya zo. Ya kira sunanki, ya ambaci rumfarki ta atamfa a unguwar Adidogomé. Duk wannan yana cikin sanarwar rasuwarki da ta zaga wayoyi, amma ban tuna ba. Ga ni a hoton ina buɗe masa ƙofa da katina. Ga ni ina ba shi kujera a ofishina. Sai ga ni na miƙe na fita, kwamfuta a buɗe, don muryarki tana kunnena: "Safiya, ruwa tukuna, magana daga baya."

Kafin in dawo ya soka ɗan abinsa na satar bayanai a bayan na'ura ya zare. Ya karɓi ruwan, ya sha, ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a mai tsawo. Ina kuka ina cewa amin. Da mutuwarki aka zo aka cuce ni, Mma!

Ba wanda ya ga hoton sai ni, kuma na san aikina na iya tafiya. Na rubuta rahoton da sunana a layin farko. Direkta ya karanta. Daga baya ya bar ni a kujerata, bisa sharaɗin in toshe wannan ƙofa. Na rubuta doka: baƙon da ba na aiki ba, ko waye shi, a bakin get ake ganinsa.

Jiya Hajiya Talatu ta zo, aminiyarki, wadda ta yi miki wanka. Tun daga unguwar Baguida ta hau babur da ciwon gwiwarta, don ta ga yadda nake. Maigadi ya tsayar da ita, na sauko na same ta a rana. A tsaye muka gaisa, motoci na wucewa. Ta dube ni ta ce, "A gidan Rabi ba a taɓa tsayar da ni a ƙofa ba."

Ban iya ce mata ta shigo ba. Dokar tana nan daram, kuma gobe ma haka zan yi. Ki yafe mini, Mma.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya karɓi addu'ar masu gaskiya a kanki, Ya rufa asirin mutanen da na sa a wannan hali.

'Yarki mai kewarki,
Safiya