Ban Ɗaga Hannu Ba

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar Mama, ta yi sauƙi?

Jiya na tashi da jirgin sama ni kaɗai, ba malami a gefena. Ƙarami ne mai kujera biyu, amma da tayoyinsa suka bar ƙasa sai da na yi hawaye. Ina sauka Kyaftin, malaminmu na tuƙi, ya miƙo min fom na neman lasisi. A shafi na biyu an tambaya ko kotu ta taɓa ɗaure ni. Abokan karatuna suka ce in rubuta a'a, wa zai bincika. Na rubuta gaskiya: shekara uku, saboda na karya wa mijin yayata hannu da haƙarƙari huɗu da ƙarfen jak na ɗaga mota. Layi biyu kawai suka bari, bai isa in faɗi yadda na same ki a ƙasan kicin ba, bakinki na zubar da jini, shi kuma yana taka ki da takalmi. Ban yi nadamar raba ki da shi ba, Yaya. Abin da ke cin raina shi ne bayan ya faɗi ban daina dukansa ba.

Zan zauna gaban kwamitin ba da lasisi saboda wannan amsar. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonki, kuma e, ina cin abinci, ki daina faɗa.

Kwamitin sun ce za su sa min ido wata shida. In sunana ya shiga ofishin 'yan sanda kan faɗa, ko da ni aka tsokana, maganar lasisi ta mutu. Kin san ni da zuciya. Kyaftin ya ce in yi abin da matuƙi ke yi idan ƙararrawar haɗari ta yi kuka a jirgi: kada ka taɓa komai sai ka ƙirga goma, don hannun da ya yi gaggawa shi ke kashe injin da ke da lafiya.

Abu ɗaya bai kwanta min ba. Ƙa'idarsu ce su ji ta bakin wanda aka yi wa laifi, don haka sun rubuta wa tsohon mijinki, da adireshin makarantar a saman takardar.

Ki gaishe da Mama.

Auta

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, amma kada hankalinki ya tashi.

Ranar Laraba da tsakar rana tsohon mijinki ya tare ni a bakin ƙofar makaranta, shi da ƙannensa biyu. Ya tofa min yawu, ya kira ki da sunan da ba zan iya rubutawa ba. Wallahi akwai bulo kusa da ƙafata, na gan shi. Sai na cusa hannuwana a aljihu na fara ƙirga. A huɗu ya mare ni. A bakwai suka kayar da ni, ɗaya ya taka min wuya, shi kuma ya zare bel yana zuba min ƙarfen kan bel ɗin a fuska. Na kai goma na sake farawa. Ban san sau nawa na fara ba kafin masu gadi su ɓamɓare su. Haƙorana biyu suna can a kwalta.

Kyamarar ƙofa ta ɗauki komai. Kwamitin sun kalla, sun janye sharaɗin wata shidan, har suka rubuta cewa irin wannan natsuwa suke nema a matuƙi.

Ɗazu likitan da ke gwada matuƙa ya zo. Ya rufe min idon dama ya ce in karanta allo. Ko babban harafin sama ban gani ba, Yaya, duhu ne kawai. Ya ce ƙarfen ya tsinka jijiyar idon hagu, ba ta gyaruwa, kuma ba zai iya sa min hannu a takardar neman lasisi ba.

Kada ki je gidansa, kada ki gaya wa Mama tukuna. Ina jin haushi, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban san wa zan ji wa ba. Kyaftin ya kawo min takardar kwamitin, na karanta ta sau uku da idon da ya rage.

Ki zo ranar Asabar in kin samu hali.

Ƙaninki har kullum,
Auta