Dillalin Raƙuma Bai Mutu Ba

Yaya Idi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina gajiyar Abijan? Ina Hajo da yara? Barka da Salla.

Ka tuna wasanmu na kayen lakwal, littafin rubutun nan na 'yan makaranta, wanda direbobi ke yawo da shi tsakanin Madawa, Buza da Keita? Mu shida ne, kowa da mutuminsa cikin labari guda. Nawa dillalin raƙuma ne, maƙaryaci. Dokarmu, wanda kaye ya zo masa sau biyu bai rubuta ba, a kashe mutuminsa.

Tun rasuwar Rabi hannuna ya ƙi alƙalami. Sau uku na maida kayen ba ko harafi. Na ce shi ke nan, dillali ya bi matata.

Washegarin Layya sai ga kaye da cinyar rago. Ashe ba su kashe shi ba, tun lokacin mutanensu ke goyon dillalina bi da bi cikin hamada. Telan Karofane, ɗaya daga cikinmu wanda ban taɓa gani ba, ya rubuta: "Sauka haka nan, ɓarawo, bayana ya gaji!"

Yaya, na yi dariya har da hawaye. Jiya na ɗauki alƙalami, na sauka, na sayar masa da gurgun raƙumi.

Ka sa Rabi da mutanen nan cikin addu'a. A gaida Kawu Mamman.

Ƙanenka,
Sule