Zuwa ga Yaya Habu, da Ya Tafi Ankara Neman Ƙarfen Keke

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da girmamawa zuwa ga yayana Habu mai gyaran keke, daga ƙaninka Sani a Mandawari. Na kai takardar nan a buga a jarida ne, don ban san ƙofar da zan aika ta ba. Duk wanda ya karanta a zangon Hausawa na Ankara, ƙasar Gwanja, don Allah ya kai maka.

Bayan haka, Yaya, damina ta wuce, an yi girbi, ba mu ji ɗuriyarka ba.

Ka tuna ranar da ka turo keken nan rumfarmu ta Ƙofar Nassarawa, wanda wani Baturen kanti ya bar maka da zai koma gida. Siriri, kai a lanƙwashe, ba birki. Muddin taya na juyawa feda na juyawa, ƙafa ba ta samun sararawa. Masu ba da hayar keke suka taru suna dariya, suka sa masa suna Ba-hutu. Kai kuwa ka ce wannan ne keken da ba ya yi wa mahayinsa ƙarya. Na sha ganin ka tsayar da shi da ƙarfin cinya a lungun Madabo, tsakanin jaki da bango.

Da haƙoran ƙaramin ƙarfen tayar baya suka cinye, sarƙa ta fara zamewa. Ka zaga Kantin Kwari da Sabon Gari, kowa ya juya ƙarfen a hannu ya girgiza kai. Wani maƙeri ya ƙera maka irinsa, ya tsinke maka sarƙa a gangaren Dala, ka dawo da gwiwa a fashe.

Sai Alhaji Tanko mai fataucin goro ya ba ka labarin samarin Ankara masu tsere da irin keken a wani zagayayyen fili, da kantin da ke kawo musu kaya daga Ingila. Inna ta hana, ta ce ba a barin ƙasa saboda guntun ƙarfe. Ka yi ta lallashi har ta sa maka albarka, idonta a ƙasa. A tashar jirgi ka ce in riƙe rumfa, kafin azumi kana gida.

Saƙonka ɗaya ne ya iso, ta bakin wani direba. Ya ce ka sha yawo kana nuna wa mutane tsohon ƙarfen, tunda ba ka jin yarensu, har wani mai faci ya ja hannunka ya kai ka filin. Wai da farko samarin sun yi wa babbar rigarka dariya, amma da ka naɗe ta a ƙugu ka hau keken ɗayansu ka zaga, suka daina. Ya ce ka sami ƙarfen. Ranar Inna ta toya waina ta raba wa maƙwabta.

Azumi ya zo ya wuce.

Makon jiya Alhaji Tanko ya dawo. Bai aiko a kira ni ba, da kansa ya tako rumfa, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce a zango ana maganar wani Bakano da ya shiga tseren, fedarsa ta daki ƙasa a kwana, kekuna suka bi ta kansa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Bai san sunansa ba, bai san ko ya fito ba. Na tambaye shi Kanawa nawa ne ke hawan irin keken nan a can. Ya gyara rawaninsa, ya yi mini sallama.

Tun ranar hankalina ba ya kan aiki. Na ɗaura wa wani malami taya a karkace, sai da ya dawo da ita. A gida ina cin tuwo ina kallon kwano, don kada mu haɗa ido da Inna. Jiya ta tare ni a bakin ɗakinta, ta ce ita ta haife ni, in faɗa mata. Na faɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ciki, ta fito da buzu da butar marigayi Baba, ta ajiye a gabana.

Don haka na rufe rumfa. Bayan sallar Juma'a zan bi mutanen Alhaji Tanko. Ban taɓa wuce Zariya ba, Yaya, kuma tsoro nake ji. Ba faɗa zan zo yi maka ba. In ƙafa ce ta karye, zan goyo ka har jirgi. In kunya ce ta riƙe ka, babu mai tambayarka komai a gidan nan. Abu ɗaya nake roƙo: duk inda kake, zauna nan, kada ka kamo hanya mu yi saɓani. Ka bar sunanka wurin sarkin zango, can zan fara.

Allah ya sa ba kai ba ne. In ɗan wani ne, Allah ya tashi kafaɗarsa, ya mayar da shi wurin uwarsa. In kuwa kai ne, Allah ya ara mana kwana har in iso.

Ƙaninka,
Sani
Mandawari, cikin birnin Kano